Jan Layi a Gidan Kwaɗo

SHAFI NA 17

Bismillahi.

Masu turo saƙo kuna cewa na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, kwana huɗu na yi hannuna bai iya riƙe waya ba. Waɗanda suka shigo jiya-jiya kuma, ga inda muke a gurguje.

Ɗana Injiniya ya bi masu tsallaka teku neman aiki. Wata takwas ke nan rabonmu da muryarsa. Wani da suka tafi tare ya dawo ya ce jirgin ruwan da aka sa su Injiniya bai isa ba. Kowa ya sallama, ni kaɗai na ƙi, kuma jan layi ne ya hana ni.

Kafin ya tafi shi ya sauke mana dish. Ya ce tasha ɗari biyu muke biya wa kuɗi duk wata, uku muke kallo. Ya kafa ɗan farin akwatin wayfai a saman firji, ya buɗe mana manhajar fina-finai a talabijin, ya yi wa kowa gidansa a ciki: nawa, na Babansu, na yayarsa Nas, sai nasa mai hoton koren kwaɗo. Akwai wani dogon shiri da yake bi na likitan dabbobi, kashi tamanin. A na ashirin da uku ya tsaya ya tafi. Duk inda mutum ya tsaya da kallo, wani jan layi ne ke nunawa a ƙasan hoton.

Wata uku da ɓatansa na shiga gidan kwaɗon bisa kuskure, na tarar layin ya koma kashi na ashirin da huɗu. Tun daga ranar kullum bayan la'asar sai na duba, kuma yana matsawa. Da shi na hana a karɓi gaisuwa a gidan nan. Duk wanda ya zo min da fuskar ta'aziyya, amsata ɗaya ce: wanda ya nutse ba ya kallon likitan awaki.

To, ranar Talata.

Babansu ya samo wani kamfanin intanet da ya fi namu araha, ya ce za a zo a canza akwatin. Sati guda muka yi muna ja. Ni tsorona kada a cire tsohon akwati kwaɗon ya bi shi. Shi kuma ya ce tun da aka sauke dish ɗin nan bai ƙara ganin labaran ƙarfe tara kamar mutane ba, ko dai a rage masa kuɗi ko a mayar masa da tasarsa ta dish, wadda yanzu kaji ke kwana a ƙarƙashinta. Daga ƙarshe na yarda, da sharaɗin a gabana za a yi komai.

Da hantsi mai intanet ya iso, Babansu ya riga ya fita da motar kamfani, Nas tana wurin aikinta a asibiti. Mai intanet ɗin dattijo ne mai furfura, da jakar kayan aiki da tsani. Na tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Ya huda bango, ya ja waya ta bayan labule, ya sa sabon akwati baƙi, duk ina tambayarsa wannan fa, waccan fa. Har ya yi dariya ya ce da ya san zai samu shugaba a gidan da bai taho da takardar kamfani ba.

Na ce ya kunna min talabijin in gani da idona.

Ya kunna. Kwaɗon yana nan. Layin yana kashi na hamsin da takwas. Sai da na ja numfashi.

Ban san abin da ya sa na buɗe masa cikina ba. Ƙila furfurar ce. Na gaya masa komai, teku, wata takwas, layi. Ya ajiye sukudireba ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ai akwai wani wuri a cikin manhajar da ke nuna duk wayar da ta shiga, da ranar, har da ƙasar da take.

Na ce, "Har ƙasar?"

Ya ce, "Har garin ma wani lokaci, Mama."

Wata biyar ina zaune da wannan abu a falona, babu wanda ya gaya min. Na shiga ɗaki da sauri na ɗauko tabarau da biro, na yago bayan kalanda, don in rubuta sunan ƙasar kada in manta. A raina har na fara tunanin wa muka sani a can, wa za a tura ya nemo shi.

Ya danna nan, ya danna can, rubutu ya fito jere. Ya matsa kusa da allon ya karanta na sama.

"Wayar Yaya. Jiya, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana. Ita ce ta buɗe gidan kwaɗon." Ya juyo. "Wace ce Yaya?"

Na ce ya karanta min ƙasar.

Ya sake duba allon.

Na ce, "Malam, ƙasar."

"Garin nan ne, Mama."

Injiniya ne ya sa wa wayoyinmu suna ranar da ya haɗa mu. Mutum ɗaya yake ce wa Yaya a duniya. Kuma ƙarfe ɗaya da minti ashirin lokacin hutunta ne a asibiti, lokacin nake kiranta in tambaye ta ko ta ci abinci.

Na miƙa hannu na zare wayar talabijin daga bango. Bawan Allahn nan ya fara tattara kayansa ba ya kallona. Ya ce wani lokaci na'ura tana kuskure. Na ce na gode. Ya ce a yi haƙuri. Na ce ba shi ya yi ba. Ya fita ya manta tsaninsa, sai da ya dawo ya ɗauka yana sallama ƙasa-ƙasa kamar mai shiga gidan rasuwa.

Ban yi kuka ba. Na share ƙurar bangon da ya huda. Na wanke kwanuka, na jiƙa kayan Babansu, na ɗora tukunya. Da na tayar da sallar azahar na rasa ko raka'a uku na yi ko huɗu, na sake daga farko, na sake ruɗewa. Sai na zauna a kan darduma kawai da bayan kalandar nan a hannuna, babu ko ɗigon rubutu a kai.

Ƙarfe uku da rabi Nas ta shigo, da fararen takalmanta da warin maganin asibiti. Ta yi sallama, ta ga sabon akwati ta ce kai, yau Baba zai yi barci da daɗi, an rage masa nauyi. Ta buɗe firji tana neman ruwa.

Na ce ta ba ni wayarta.

Ta ce caji ya kusa ƙarewa.

Na ce ba kira zan yi ba.

Ta juyo da gorar ruwa a hannu. Ta kalle ni, ta kalli talabijin da wayarsa ke lilo a ƙasa. Yarinyar nan ni na haife ta, tun tana goye na san yadda fuskarta ke yi in ta yi ɓarna. Ta ajiye gorar a hankali.

Na ce, "Likitan awakin nan, ya yake ciki yanzu? Ya auri mai kantin maganin?"

Ta juya za ta rufe firji.

"Ke nake tambaya. Ai kin fi ni sani."

Ta durƙusa nan bakin firji, ko jakarta ba ta sauke ba. Ta ce, "Mama, ki yafe min."

Na ce ba yafiya nake nema ba tukuna, labari nake so, daga farko, kuma kada ta rage ko ɗaya.

Ta ce farkon ba da niyya ba ne. Wata rana a wurin aiki kewarsa ta taso mata, ta shiga ɗakin canza kaya ta buɗe gidansa a wayarta, ta kalli kashi ɗaya don ta ji kamar suna tare a falo yana cinye mata gyaɗa. Ta dawo gida ta tarar ina sujada a gaban talabijin ina kuka ina cewa yana raye. Ta ce ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga na tashi na zuba abinci na cinye, abin da na yi sati uku ban yi ba. Washegari ta auna jinina ta ga ya sauka. Sai ta ce bari ta ƙara kwana ɗaya. Kwana ɗaya ya zama sati. Daga baya ma ba ta iya kallon, jan layin kawai take yi da yatsa zuwa gaba ta rufe wayar ta koma kan marasa lafiya.

Ta ce, "Likita ya ce in kika ci gaba a yadda kike, ba za ki kai ƙarshen shekara ba. Na rasa ƙanena, Mama. Ban shirya rasa ki ba."

Na ce, "Kin rasa shi? Wato ke kin gama binne shi."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce duk wata tana kai sadaka gidan marayu da sunansa.

Nan ne abin ya taso min. Ban ɗaga murya ba, maƙwabta ba su ji komai ba, amma na gaya mata. Na ce wata biyar ina tashi ina roƙa wa ɗana aiki mai albarka, ina roƙa masa mai gida na kirki da abokan zama nagari, har mata na roƙa masa. Ko sau ɗaya ban ce Allah Ya jiƙansa ba. Ko sau ɗaya ban roƙa masa sauƙin tambaya ba, don ina ganin in na faɗa kamar na yi masa baki ne. In yaron nan yana ƙarƙashin ruwa tun wata takwas, addu'ar uwarsa yake jira, ita kuma uwar tana nan tana lissafa masa kashin fim.

"Ke kin yi masa sadaka. Ni kin hana ni."

Ta fashe da kuka. Na bar ta.

Muna haka Babansu ya yi sallama, da ledar burodi a hannu. Ya tsaya a ƙofa ya dube mu. Bai tambayi me ya faru ba. Da haka na gane.

Na ce, "Har da kai."

Ya ajiye burodin a kan kujera ya zauna a hannunta. Ya ce tun wata na biyu da fara abin ya sani, Nas ta same shi a mota ta gaya masa. Ya ce ya yi niyyar faɗa min ya fi sau goma. Duk ranar da ya shirya sai ya shigo ya tarar ina murmushi ina ce masa yau yaronka ya ci kashi biyu, da alama an ba su hutu a wurin aiki. Sai bakinsa ya mutu.

Na tuna yadda ƙannensa suka zo daga nesa don a yi wa yaron addu'a, na tsaya a tsakar gida na ce duk wanda ya shimfiɗa tabarma a gidan nan ban yafe ba. Yana tsaye a bayana a ranar, yana ba su haƙuri, yana cewa a bi ni a hankali. Ashe kallon mara lafiya suke min gaba ɗaya.

Na ce, "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɓoye maka ko fashewar kofi ba."

Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa?"

"Gidan ne ya yi min shiru da yawa, Maman Nas. Ke kaɗai ce ke ambaton sunansa kamar zai shigo."

Na tashi na sauke tukunyar da ta fara kamawa, na dawo. Ina tsaye ina goge hannu sai wani abu ya faɗo min. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma abin da na gani da idona ba ya ɓace min.

Na tambayi Nas ko kullum ita ke ja.

Ta ce ranakun aiki kawai, kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya sai ya ci kwanaki.

Na ce to satin da ya wuce fa, Juma'a da Asabar, da zazzaɓi ya kwantar da ita ko ido ba ta buɗewa? Wayarta a aljihun rigata ta kwana biyu, ni nake amsa mata kiran asibiti. A kwana biyun nan layin ya tashi daga hamsin da huɗu ya koma hamsin da bakwai.

Ta ɗago. Ta ce ta lura da hakan, kuma ba ranar ce farko ba. Ta ɗauka Baba ne yake taya ta.

Muka juya gare shi.

Ya ce, "Ni? Ni da ko murya zan ƙara sai na kira ɗayanku?"

Nas ta rarrafa ta mayar da wayar talabijin a bango. Kafin ya kama kamar shekara. Ta shiga wurin da mai intanet ya shiga, rubutun ya fito. Na sama nata ne. Na biyu talabijin ɗin falo. Ta gangara ƙasa, inda ban bar bawan Allahn nan ya kai ba.

Ta tsaya. Rimot ɗin ya zame daga hannunta.

Na ce ta karanta.

"Wayar Injiniya. Kwana uku da suka wuce."

Ta faɗi sunan wata ƙasa. Ba wadda ya nufa ba ce, ba kuma wadda ya tashi daga cikinta ba. Babansu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Na ɗauko bayan kalandar zan rubuta, Nas ta riƙe min hannu. Idonta jawur. Ta ce in saurare ta da kyau, ta yi min ƙarya sau ɗaya, ba za ta ƙara ba.

"Wayar ce ke raye, Mama. Ban ce miki shi ne ba. Waya ana sayarwa, ana sacewa, ana cirewa daga aljihun mutum."

Na ce na ji. Na ce yanzu ta gaya min yadda za a yi magana da mai riƙe da ita.

Ta ce lambarsa ta daɗe da mutuwa, mun gwada ya fi sau dubu. Manhajar kuma ba ta aika saƙo. Ta kalli kwaɗon. Can ta ce sai dai abu ɗaya: sunan da ke ƙarƙashin hoton ana iya canza shi, kuma duk wanda ya buɗe a ko'ina zai gani.

Na ce ta rubuta: ɗana, in kai ne, don girman Allah ka nemi uwarka, ba ta yi fushi ba, ko ba ka samu komai ba ka dawo, ɗakinka yana nan.

Ta ce wurin ba ya ɗaukar fiye da harafi ashirin.

Harafi ashirin. Muka zauna mu uku muna rage magana kamar masu rage kaya a tasha. Babansu ya ce a sa lambar wayarsa. Nas ta ce in ɓarawo ne mun ba shi hanyar da zai yi ta tatsar mu da ƙarya. Daga ƙarshe ta goge Injiniya, sunan da na sa masa tun yana shekara bakwai da ya kwance rediyon Babansu, ta rubuta: Mama ce. Kana raye?

Laraba babu komai. Layin bai motsa ba, sunan bai canza ba. Nas ta bar wayarta a gida ta tafi aiki da hannu biyu, ta ce don kada zuciyata ta yi zargi. Ban ce mata ta ɗauka ba. Ranar na fara gwada ɗaya addu'ar. Na ɗaga hannu na ce Allah in yana raye Ka tsare shi, in kuma... sai harshena ya ƙi. Na shafa haka nan.

Alhamis bayan la'asar na idar da salla, ko dardumar ban naɗe ba na kunna. Nas tana asibiti, Babansu ya tafi masallaci.

Tambayata ta ɓace daga ƙarƙashin kwaɗon. Lamba ce a wurin, doguwa, mai alamar ƙari a gaba.

Na san ya kamata in jira su. Ban jira ba. Na kwafe ta a bayan kalandar, na duba sau uku, na danna a wayata. Ta yi ƙara irin ta nesa. Ɗaya. Biyu. A ta biyar aka ɗauka.

Na yi sallama.

Namiji ne ya amsa, da harshenmu, amma ba muryar ɗana ba ce. Wannan ta fi kauri, kuma a gajiye take. Bayansa ina jin ƙarar injina da mutane suna wani yare.

Na ce ni ce mahaifiyar mai wayar nan. Na ce in sayenta ya yi ba komai, ba rigima na kira ba, ya gaya min inda ya saya kawai.

Ya ce, "Ba saya na yi ba, Mama. Shi ya ba ni da hannunsa."

Na dafa bango.

Ya ce wata biyu suka yi a ɗaki ɗaya suna jiran jirgi, da wayar nan su shida suke kallon kashin likitan dabbobi da ya sauke tun a gida. Ya ce yana yawan ba su labarina, har ya san ina sa masa sukari cokali uku a shayi ina cewa biyu ne. Ya ce ya daɗe yana son ya neme mu, kullum sai ya ce gobe.

Na ce, "Yana ina?"

Injinan nan kawai nake ji.

"Bawan Allah, ɗana yana ina?"

Na ji ya ja numfashi. Daidai nan Babansu ya turo ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya tsaya yana kallona.

Mutumin ya ce, "Mama, akwai wani namiji kusa da ke? Ba shi wayar."